Ajin Farko na Jamusanci: Yadda Koya wa Baƙi Harshen Jamus Ya Sami Gindin Zama a Jami'ar Leipzig

Wanda ya leƙa ajin farko na Jamusanci a kowace jami'a yau zai iske kome a shirye tsaf. Ga littafi an raba shi darasi darasi, ga malami wanda aka horar musamman domin koya wa baƙi, ga kuma matakai shida, daga A1 zuwa C2, waɗanda Majalisar Ƙasashen Turai ta Strasbourg ta fitar cikin 2001. A fara da gaisuwa da ƙirga, a gangaro kan sayen burodi da tambayar hanyar tasha, can gaba a taɓa labarin ƙasar da al'adun mutanenta. Sai mutum ya zaci tun fil azal haka abin ya ke. Alhali kuwa kujerar shaihun malami ta farko a wannan fanni, a duk ƙasashen da a ke jin Jamusanci, ba a kafa ta ba sai cikin 1969, a birnin Leipzig, kuma ajin da ta tsiro daga cikinsa da ɗaliban Nijeriya goma sha ɗaya aka buɗe shi.

Dalilin wannan jinkiri a fili ya ke. Jami'o'in Jamus na dauri da Latin su ke karatu. An kafa Jami'ar Leipzig tun 1409, amma sai cikin 1687 wani malamin shari'a, Christian Thomasius, ya yi ƙarfin halin manna sanarwa cewa zai ba da darasi da harshen ƙasar, har abin ya zama abin tsegumi tsakanin malamai. Matsayin Latin a wurinsu kamar matsayin Larabci ne a zaurukan malaman Katsina da Kano: almajiri ya taso daga ko'ina, muddin ya san harshen littafi, to, harshen kasuwa ba ya hana shi karatu.

Masu bukatar harshen kasuwa su ne fatake, su ne kuwa suka fara nemansa. A birnin Benis na ƙasar Italiya, inda fataken Jamus su ke da babban masauki, wani malami mai suna Georg, mutumin Nürnberg, ya shirya littafin koya wa samarin Italiya Jamusanci cikin 1424. Abin da ke ciki jerin kalmomi ne, da yadda fi'ili ke juyawa, da zantuttukan ciniki a kan tufafi, mai saye na tayawa mai kaya na cewa albarka. Cikin 1477 Adam von Rottweil ya buga ƙamus na Italiyanci da Jamusanci a wannan birni. Cikin 1573 Albert Ölinger, wani magatakarda a Strasbourg, ya rubuta nahawun Jamusanci da Latin domin samarin Faransa. Bayan an daɗe, cikin 1835, Ollendorff ya fito da littafinsa a Paris, ya yi alkawarin mutum zai iya Jamusanci cikin wata shida ta hanyar tambaya da amsa. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, ko da ya ke an sha yi wa jimlolinsa dariya don ba irin waɗanda mai hankali ke faɗi a hira ba ne. Duk waɗannan a wajen jami'a aka yi su. A cikinta kuwa, ko da sashen nazarin Jamusanci ya kafu cikin ƙarni na 19, tsofaffin waƙoƙi da tarihin kalmomi ya sa gaba, domin 'yan ƙasa waɗanda suka sha harshen a nono. Baƙon da ya zo karatun likita daga Rasha ko Amurka ko Japan sai ya nemi malamin haya, ko kuwa ya tsinci abin da ya tsinta a bakin uwar ɗakin da ya sauka.

Akwai abin lura a nan ga ɗalibin Hausa. Makarantar Harsunan Gabas da aka buɗe a Balin cikin 1887 ta sa Hausa cikin darussanta kafin ƙarnin ya ƙare, domin jami'an da za a tura Togo da Kamaru. Adam Mischlich, wanda ya yi karatu wurin Alhaji Umaru a Kete-Krachi, ya fitar da littafin koyon Hausa cikin 1902, ya bi shi da ƙamus cikin 1906. Watau Bajamushe ya sami ajin farko na Hausa a babban birninsa tun kafin a yi wa baƙo tsayayyen ajin farko na Jamusanci a can. Sai cikin 1922 Jami'ar Balin ta sami cibiya ta musamman domin baƙi. Cikin 1925 aka kafa wata ƙungiya a Munik, Deutsche Akademie, mai aikin yaɗa harshen a ƙasashen waje. Da Hitila ya hau, sai ta zama kakakin gwamnatinsa, saboda haka Amurkawa suka rushe ta cikin 1945. Da aka gama yaƙi, harshen da a dā a ke nema don kimiyya da falsafa ya koma harshen da rabin Turai ke tunawa da umurnin soja.

Cikin 1949 aka raba ƙasar biyu, Jamus ta Yamma a watan Mayu, Jamus ta Gabas a watan Oktoba. A cikin wannan shekara, ran 18 ga Nuwamba, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan leburorin haƙar kwal masu yajin aiki a Iva Valley, kusa da Inugu, suka kashe mutum 21, suka raunata 51. Labarin ya girgiza Nijeriya, ya kuma kai Turai. Hukumomin Jamus ta Gabas, ta hannun babbar ƙungiyar ma'aikatansu, suka yi tayin guraben karatu ga 'yan Nijeriya, suka ce don nuna zumunci ne ga waɗanda aka kashe. Ƙasar sabuwa ce, ba mai amincewa da ita sai Rasha da 'yan ɗakinta, tana neman abokai ruwa a jallo. Ɗaliban kuma ga su da tasu bukata: jami'a ɗaya tak ce a Nijeriya, ta Badun, wadda aka buɗe cikin 1948, gurabenta kaɗan ne, karatun Ingila kuwa sai mai hali ko wanda gwamnati ta zaɓa. Turawan mulki ba su son ganin ɗan mulkin mallaka ya nufi ƙasashen kwaminis, amma duk da haka cikin 1951 mutum goma sha ɗaya suka isa. Su ne ɗaliban Afirka na farko a ƙasar.

Aka kai su Leipzig, birnin da har a lokacin bai gama kwashe ɓaraguzan bama-baman 1943 ba, abinci ma da kati a ke rabonsa. Aka sa su a wani sashe na jami'ar da a ke kira Sashen Ma'aikata da Manoma, wanda aikinsa shi ne ya shirya 'ya'yan talakawan Jamus su shiga jami'a. Nan fa aka ga aiki. Malaman wurin sun saba da ɗalibin da ba shi da isasshen lissafi ko tarihi, amma yana da harshe. Ga shi an kawo musu waɗanda suka yi makaranta da Ingilishi, suna da ilminsu daidai gwargwado, abin da ya kawo su kuma kimiyya ce, irin su likitanci da aikin injiniya, sai dai ba su da kalma ko ɗaya ta harshen da za a karantar da su da shi.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da ke jiran irin wannan ɗalibi a makonnin farko, gama daga nan ne duk abin da ya biyo baya ya samo asali. Kowane suna a Jamusanci yana da jinsi, jinsin kuwa uku ne: namiji mai ɗaukar "der", mace mai ɗaukar "die", da na uku, ba namiji ba mace, mai ɗaukar "das". Cokali namiji ne, "der Löffel". Cokali mai yatsu mace ce, "die Gabel". Wuƙa kuwa "das Messer". Yarinya ma, "das Mädchen", a jinsi na uku ta faɗa, saboda ɗafin da ke ƙarshen kalmar. Ingilishi ba shi da wannan, Ibo da Yarbanci ma ba su raba sunaye namiji da mace. Bahaushe ne zai ɗan sami sauƙi, don ya riga ya san riga mace ce wando namiji ne ba tare da ya nemi dalili ba. Har ma an yi dace, rana mace ce wata namiji ne a Hausa, haka kuma "die Sonne" da "der Mond". Sai dai Bahaushe yana da abin dogara, yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin "a" mata ne, shi kuwa mai koyon Jamusanci dole ya haddace mafi yawansu ɗaya bayan ɗaya.

Bayan jinsi sai i'irabi. Wanda ya karanta Ajurumiya ya san suna a Larabci ya kan sāke ƙarshensa gwargwadon aikinsa a jimla, hali uku. Jamusanci huɗu gare shi, kuma galibi a kan 'yar kalmar da ke gaban sunan a ke ganin alamar. "Der Hund beißt den Mann", kare yana cizon mutum. In aka juya aka ce "Den Mann beißt der Hund", har yanzu karen ne mai cizo, domin "der" ta nuna fa'ili, "den" ta nuna maf'uli. A Hausa ko Ingilishi in aka yi wannan juyi, to, mutumin ne ya ciji kare. Sa'an nan ga fi'ilin da ke rabuwa biyu: "aufstehen" shi ne tashi, amma mai cewa yana tashi da ƙarfe shida sai ya ce "Ich stehe um sechs Uhr auf", rabin fi'ilin a wuri na biyu, rabin can a ƙarshe. A jimlar da ta rataya ga wata kuwa, fi'ilin dukansa ƙarshe ya ke komawa, sai mai sauraro ya yi haƙuri ya jira. Ƙirga ma da tata: "einundzwanzig" ɗaya da ashirin ke nan, kamar yadda Larabawa ke faɗi, kuma "halb sieben", wanda kunne ke ji kamar bakwai da rabi, shida da rabi ne. An sha rasa jirgin ƙasa a kan wannan.

Duk waɗannan abubuwa ɗan ƙasa bai taɓa tambayar kansa dalilinsu ba, nahawun makaranta ma bai damu da su ba, don an rubuta shi ne domin wanda ya riga ya iya. Baƙo shi ne ke tambayar me ya sa "helfen", taimakawa, ke jawo hali na uku, "fragen", tambaya, ke jawo na huɗu. Malamin da ya amsa masa da cewa haka a ke faɗi ya gamu da ɗalibi mai shekara ashirin da wani abu wanda ke da shekara guda kacal kafin ya zauna a ɗakin darasin likitoci. Tilas aka shiga neman ƙa'idojin da ba a taɓa rubutawa ba.

Baƙi suka yi ta ƙaruwa, daga Koriya ta Arewa, daga Biyetnam, daga ƙasashen Larabawa da na Afirka. Cikin 1956 aka ware musu cibiya ta kansu a jami'ar, wadda tun 1953 aka sa mata sunan Karl Marx. Cikin 1961 aka raɗa wa cibiyar sunan Herder, watau Johann Gottfried Herder, masanin ƙarni na 18 wanda ya yi rubutu a kan asalin harshe, ya kuma tattara waƙoƙin gargajiya na al'ummu dabam dabam. A wannan shekara aka mai da titin da cibiyar ta ke Titin Lumumba, aka kafa mutum-mutumin tunawa da shi a gabanta. Tsarin da aka zauna a kai shi ne shekara guda ta share fage. A watannin farko harshe zalla a ke yi. Daga nan a raba ɗalibai gwargwadon abin da za su karanta, masu likitanci ga nasu, masu injiniya ga nasu, a koya musu lissafi da kimiyya da Jamusanci, domin kalmomin fannin su shiga tare da fannin. Wannan dabara ce mai kyau, kuma bukata ce ta haife ta. Kafin 1990 ɗalibai fiye da 20,000 sun bi ta wannan ƙofa. Cikinsu har da Michelle Bachelet, wadda ta yi Jamusanci a can cikin 1978, daga baya ta zama shugabar ƙasar Chile.

Jamus ta Yamma ba ta zauna ba. A shekarar da 'yan Nijeriya suka isa Leipzig, watau 1951, aka kafa Cibiyar Goethe a Munik, waɗansu daga cikin masu kafa ta kuwa tsofaffin ma'aikatan Deutsche Akademie ne. Cikin 1953 ta buɗe ajinta na farko a Bad Reichenhall, sa'an nan a Murnau da Kochel, duka ƙananan garuruwa ne a gindin duwatsun Bavaria. Da gangan aka zaɓe su, don baƙo ya ga tafki da ciyawa da coci mai hasumiya maimakon kangayen manyan birane. Cikin 1955 Dora Schulz da Heinz Griesbach suka fitar da littafinsu na koya wa baƙi, wanda ya yi shekaru yana yawo a duniya. A wannan shekara kuma gwamnatin Bonn ta kafa ƙa'idar cewa duk ƙasar da ta amince da Jamus ta Gabas za a yanke hulɗa da ita. Saboda haka sai bayan 1972 yawancin ƙasashen Afirka suka ƙulla jakadanci da Gabas, kafin nan kuwa guraben karatu da ajin harshe su ne suka tsaya mata a matsayin jakada. Ita ma Yamma ta buɗe rassan Goethe a Ankara ta Gana da Lome da Yawunde cikin 1961, a Ikko cikin 1962, gidan rediyonta na Deutsche Welle kuma ya fara shiri da Hausa cikin 1963.

A nan ne rabi na biyu na ajin, watau sanin ƙasa da al'ada, ya shiga hannun 'yan siyasa. "Der" da "die" da "das" ɗaya su ke a Leipzig da Munik. Amma jimla ba ta tsayuwa ba tare da wani abu a cikinta ba, dole a sa mutum, a ba shi sana'a, a kai shi wani wuri. Littafin Gabas ya kan kai ɗalibi masana'antar gwamnati da gonar haɗin gwiwa, ya koya masa kalmomin zaman lafiya da zumuncin al'ummu. Na Yamma ya kan kai shi kanti da otal da tashar jirgi, ya kauce wa siyasa, shekarun Hitila kuwa ya bi ta gefensu. Ko lamirin girmamawa bai tsira ba. Jamusanci na da "du" ga aboki da yaro, da "Sie" ga babba da baƙo, kusan yadda Bahaushe ke ce wa mahaifinsa "ku"; amma 'yan jam'iyya a Gabas "du" su ke ce wa juna ko da tsakanin manya ne, sai ɗalibi ya koyi wa zai ce wa me. Daga baya aka tilasta wa baƙi darasin aƙidar Markisanci a jami'o'in Gabas. Akwai kuma abin da littattafan duka biyu suka yi shiru a kansa, shi ne zagi da tsangwama da baƙar fata kan gamu da su a titi ko a gidan rawa. Ɗaliban Afirka a Gabas sun kai kuka a kan wannan, amma hukuma ta riga ta ce a ƙasarta ba wariyar launi, saboda haka kalmomin da a ke jifarsu da su a wajen aji suka koye su.

Rabin nahawu kuwa ya ci gaba da bunƙasa har ya zama ilmi mai cin gashin kansa. Cikin 1964 cibiyar ta fara fitar da mujalla mai suna Deutsch als Fremdsprache, watau Jamusanci a matsayin baƙon harshe, sunan da fannin ke amsawa har yau. Cikin 1969 aka naɗa Gerhard Helbig a kujerar da aka ambata tun farko. Yamma ba ta yi irin wannan ba sai cikin 1978, da Harald Weinrich ya kafa cibiya a Jami'ar Munik. Aikin Helbig ya ginu ne a kan ra'ayin Bafaranshe Lucien Tesnière, cewa fi'ili shi ne uban jimla, kowane fi'ili kuma yana da adadin guraben da ya ke bukata a cike masa. Barci gurbi ɗaya gare shi, mai barcin. Gani biyu. Bayarwa uku: mai bayarwa, da abin, da mai karɓa. Helbig da Wolfgang Schenkel suka fitar da ƙamus cikin 1969 wanda ya bi fi'ilan Jamusanci ɗaya ɗaya, ya faɗi guraben kowanne da halin i'irabin da kowane gurbi ke ɗauka. Ga amsar tambayar baƙo a kan "helfen" da "fragen" ta zama littafi. Cikin 1972 Helbig da Joachim Buscha suka bi shi da babban nahawu wanda a jikin sunansa aka rubuta domin koya wa baƙi ne, amma 'yan ƙasa masu nazarin harshensu ma suka rungume shi. Mai nazarin Hausa ba zai ji wannan hanya baƙuwa ba. Bambancin "ya saya" da "ya sayi doki" da "ya saye shi" bambanci ne na abin da ya bi fi'ili, kuma maƙalar F. W. Parsons da ta kasa fi'ilan Hausa aji aji a wata mujallar Hamburg aka buga ta cikin 1960.

Hanyar ba ta zama mai zuwa kaɗai ba. A Leipzig ɗin nan, a tsakiyar shekarun 1960, Siegmund Brauner da wani ɗan Nijeriya, Michael Ashiwaju, suka wallafa littafin koya wa Jamusawa Hausa, kuma cikin 1987 Irmtraud Herms ta fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci. In an haɗa waɗannan da ayyukan Barth da Krause da Prietze da Mischlich da Westermann, sai a ga cewa wani babban yanki na abin da aka rubuta a kan Hausa, har da labaru da waƙoƙi da karin magana da aka ɗauka daga bakin mutanen da suka rigaya, a kulle ya ke cikin Jamusanci. Ɗalibin Hausa da bai taɓa shiga ajin farko ba sai dai ya karanta rabin shafin da ke da Hausa, ya bar sharhin.

Bayan da Jamus ta haɗe cikin 1990, Jami'ar Leipzig ta ajiye sunan Karl Marx cikin 1991, cibiyar kuma aka rarraba ta a farkon shekarun 1990. Shekarar share fage ta koma hannun wata kwaleji ta jihar Saxony, darussan harshe na biya suka koma hannun wata ƙungiya, sunan Herder kuwa ya zauna a kan sashen jami'a mai horar da malaman da za su koya wa baƙi. Littattafan sanin ƙasa na Gabas aka daina amfani da su tare da ƙasar da su ke siffantawa, nahawun Helbig da Buscha kuwa aka ci gaba da sāke buga shi. Mutum-mutumin Lumumba waɗansu suka lalata shi cikin 1997, wurin ya zauna wayam har 2011, sa'ad da aka kafa wani sabo a kan titin.